Jallabiya Huɗu, Taya Babu

Kai mai mota mai ɗaki, da ka gudo wa sanyin Faransa ka zo ka kafe a bakin tekun Aglu: bi matakan nan, rana ba za ta sake taɓa tayarka ba. Na yi maka alkawari. Shekara shida na yi a Lille ina karatun roba da abin da zafi ke yi mata. Na dawo gida Tiznit, yanzu ni ke riƙe wa kawuna Lahsen tela bakin tef idan yana awo. Ilimi biyun duka na zuba a nan.

1. Fara duba ko kana da taya

Durƙusa ka leƙa. Da yawa suna tsallake wannan.

Musyu Gaspar na layin farko, mai kallon teku, shekara bakwai motarsa ba ta matsa ba. Rana da iskar gishiri suka tsattsaga tayoyin har suka fashe ɗaya bayan ɗaya. Biyu suna rataye jikin kwalekwalen wani masunci, ɗaya jaki ke shan ruwa a cikinta, ta huɗun ba a san inda ta shiga ba. Injin ma ya bi su. Motar tana zaune kan bulo.

Rashin taya ba ya hana ɗinka rigar taya. Marar taya ma ya fi kowa bukata.

2. San abin da kake karewa

Littafi ya ce rana ce abokiyar gabarka. Ta Musyu Gaspar 'yarsa ce, Marivon, da ke Brest. Ta riga ta kama masa ɗaki a gidan tsofaffi, mai taga ɗaya da ke kallon katanga.

"Baba, ba zan bar ka kai kaɗai cikin motar da ba ta tafiya ba," ta ce masa. "Ranar da na tabbatar, zan zo in kwashe ka."

Ta ce daga yanzu kowace Lahadi za ta yi kiran bidiyo, ta sa shi ya zagaya motar da waya.

3. Je wurin tela, kada ka je kanti

Rigar kanti farar roba ce. Kwana biyu iska za ta kai ta tsakiyar teku. Nemi mai keken ɗinki. Sai dai ka sani, kawuna shekara arba'in jallabiya yake ɗinkawa, hannunsa bai san wani abu ba. Ya tsuguna gaban bulon ya auna shi kamar mutum.

"Kafaɗa, sittin. Rubuta."

"Kawu, ba shi da kafaɗa."

"Kai da ka je Turai, ka dawo da ita? Rubuta."

Bayan mako ya kawo jallabiya huɗu na ulu, ruwan ƙasa, kowacce da hannuwa da aljihu da hula mai tsini.

"Si Lahsen, hular ta mece ce?" in ji Musyu Gaspar. ("Si" shi ne "Malam" a wurinmu.)

"Jallabiya ba hula tsiraici ne, Musyu. Ba a shagona ba."

4. Sanyawa

Zura daga sama. Cusa tsohon matashin kai cikin hular, ka sunkuyar da ita gaba. Saka dutse a aljihu saboda iska. Ja baya taku goma ka duba. Idan ka ga dattawa huɗu tsugune jikin motarka, ka yi daidai.

Mai tallar kifi ya yi musu sallama sau biyu ba su amsa ba. Ya ce lallai 'yan Kazablanka ne.

5. Kada ka sa musu suna

Ran Lahadi Marivon ta tambaya, "Baba, su wa ke nan?"

Amsar ita ce: riga. Musyu Gaspar ya ce, "Abokaina ne." Ya jero sunayen masu zaman ƙofar shagonmu: Lahsen, Bihi, Mbarek, Iddar.

"Me ya sa ba sa motsi?"

"Masu tunani ne."

Wata uku hankalinta a kwance. Daga nan ta sayi tikitin jirgi da gwangwani huɗu na biskit, don ta gode musu da kanta.

6. Idan baƙuwa ta taso, cika rigar da mutum

Kawu ya tara masu sunayen. Kowa ya sa jallabiyar tayarsa ya tsuguna gaban bulonsa. Doka ɗaya ce: ba mai tashi.

Raba wuri da wuri, domin gefe ɗaya ne ke da inuwa.

"Ni za a ba rana?" in ji Bihi. "Da gwiwar nan?"

"Taya ba ta da gwiwa," Mbarek ya ce masa daga inuwa. "Zauna."

"Kai ka dace da aikin. Tun muna yara a sace kake."

Ƙarfe goma sha ɗaya ta iso. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta gaida su, ta miƙa gwangwani, suka karɓa daga zaune.

"Ba sa tashi wa baƙo?" ta tambaye ni, tunda ni ne tafinta.

"Al'ada ce," na ce.

7. Duba agogo

Na lissafa iska. Na lissafa inda inuwa za ta kai, da inda idonta zai faɗa idan ta tsaya a ƙofa. Azahar ce ban lissafa ba.

Ladan ya kira salla. Su huɗun suka miƙe lokaci ɗaya, suka kakkaɓe ƙura, suka nufi masallaci.

Marivon ta daɗe tana kallon bulon.

"Baba."

"Hutawa take yi."

"Ciyawa ce wannan ta tsiro a tsakani?"

"Na'ana'a ce. Ta shayi."

Ta shiga ciki ta fara ninke rigunansa tana zubawa a jaka. Shi kuma ya ja kujerarsa ya zauna yana kallon teku. Bai roƙe ta ba. Ni ma ban ga abin fassarawa ba.

Bayan minti ashirin dattawan suka dawo. Babu wanda ya gaya musu an gama, don haka kowa ya koma gaban bulonsa ya tsuguna. Kawu ya kurɓi shayi ya yatsine fuska.

"Musyu, wa ya koya maka haɗa shayi, likita? Ina sukari?"

"Haƙorinka uku, Si Lahsen. Ina tattala maka su ne."

Iddar ya kaɗa gwangwaninsa, ba komai a ciki, ya tambaya ko yarinyar ta zo da saura.

Marivon tana taga, riga a hannunta. Can ta fito.

"Motar ta mutu, Baba. Amma wannan rabin maganata ne, na ga ba kai kaɗai ba ne." Ta nuna su da haɓa. "Daga yau na daina kiran Lahadi. Duk sa'ad da na ga dama zan kira. Kuma ina son in ga sun ɗaga hannu."

Ta mayar da rigunan cikin durowa.

8. Kulawa

Wanke jallabiyar sau ɗaya a wata, bayan ka fitar da mai ita. Shayi sau uku a rana, da sukari. Yanzu kullum suna nan daga hantsi. Kada ka ɗauka ƙauna ce: inuwar tana da kyau, biskit kuma yana zuwa ta gidan waya. Kawu ya dawo da kekensa gaban tayar gaba ta dama, a nan yake karɓar aiki.

Gwiwar Bihi mako biyu kawai ta jure, sai ta gaza. Tsawonmu ɗaya da shi, hular kuma tana rufe fuska.

Ba ruwana

Duk abin da ya biyo baya naka ne. Idan iska ta ɗauke rigar, ko jaki ya ci hular, ko tayarka ta nemi ƙarin sukari, ban san ka ba, kawuna ma bai san ka ba. Wanda ya nace sai ya kawo ƙorafi zai same ni a tayar baya ta hagu, gefen rana. Idan waya ta yi ƙara kana tsaye, matsa gefe, zan ɗaga hannu.