Ma'aunin Zaƙi da Rijiyar Masallaci

Wani ne a wani ƙauye can bayan Tofa, ya ga noman gero kaɗai ba ya kai shi ko'ina, ya ce shi ma bari ya fara haɗa zoɓo. Haɗinsa na farko ya kwana a jarka cikin zafi. Da ya taɓa murfin, sai ga murfi ya tashi sama, bai sauka ba sai a gidan maƙwabta.

Duk da haka Malam Sha'aban, limamin garin, ya ba shi aikin zoɓon walimar saukar ɗalibansa. Ya aiko masa da buhunan sukari, ya kuma ja masa kunne.

"Baƙi za su zo har daga Zakirai. In na ji warin tsimi ko kaɗan, kai da zoɓo a garin nan har abada."

Hankalin mutumin ya tashi. Ana haka sai ga ƙanin matarsa Mika'ilu, mai aiki a kamfanin lemo a Kano. Ya zaro wani siririn gilashi mai tumbi a ƙasa, jikinsa duk lambobi.

"Ungo, Yaya. Sunansa haidiromita."

"Haidar ɗan wa?"

"Ma'aunin zaƙi ne. Ka tsoma shi a zoɓo. In ya taso sama, sukari na nan lafiya lau. In ka ga yana nutsewa, to sukarin ne yake juyewa giya. Amma ka fara saita shi a ruwa zalla, don shi ruwa..."

Mai babur ɗin da ya kawo shi ya danna hon. Mika'ilu ya haye, ya tafi da sauran bayanin.

Mutumin ya ɗebo ruwan randa a dogon kofi, ya yi bisimilla, ya tsoma. Gilashi ya yi ƙasa zuruf, har wuya.

"Innalillahi! Rahmatu! Me kika zuba mana a randa?"

Matarsa ta leƙo daga madafa. "Ruwa mana."

"Giya ce!"

"Maigida, ruwan rijiyar masallaci ne fa. Tun kakanni shi ake sha. Wa ka taɓa gani yana tangaɗi?"

"Garin da kowa ke tangaɗi, wa zai gane?"

Ya saɓa babbar riga, ya fita da gilashinsa. Ya gwada tulun maƙwabta, ya nutse. Ya gwada kwamin shan awaki, ya nutse. Ya lallaɓa ya tsiyayi ruwan butar ladan, nan ma zuruf. Yana tafe yana kallon gari da sabon ido. Ga tsoho yana dogara sanda. Ga jaki yana kuka ba wanda ya taɓa shi. Ga wasu biyu suna musu a kan iyakar gona tun bara.

Ya girgiza kai. "Biri ya yi kama da mutum."

A gajiye ya zauna wurin mai shayi. Aka miƙo masa kofi, ya ce bari dai ya gwada. Yana tsomawa, gilashi ya taso tsaye, ƙyam, kamar mai gari a kan doki.

"Me ka sa a ciki?"

Mai shayi ya ce, "Sukari ne. Cire min wannan abin daga kofi, Malam."

"Sukari! Ashe maganin a ɗakina yake kwance!"

Zoɓo dai ya riga ya dahu, jan garau a cikin duro, sukari kawai yake jira. Mutumin bai ko kalle shi ba. Ya ɗora buhunan a baro, ya tura har bakin rijiyar masallaci, ya zazzage su tas. Ya sa gora ya dama. Ya ja guga ya gwada. Gilashi ya ɗan ɗago kai.

"Alhamdu lillahi. Ta tuba."

Washegari baƙi suka cika ƙofar masallaci. Aka jawo ruwa don alwala. Wanda ya kurkure baki sai ya haɗiye, ya ƙara. Hannuwa suka fara mannewa da hannuwa wajen gaisawa. Malam Sha'aban ya shafa ruwa a gemu, kafin ya kai ga ƙafa ƙudan zuma sun yi masa rawani na biyu.

"Wane ne ya taɓa rijiyar nan?"

Mutumin ya matso yana murmushi, ya durƙusa. "Ni ne, Allah gafarta Malam. Ba sai an gode ba. Giya ce na mayar muku halal."

"Giya? Kai, ruwan da ɗanɗanonsa ya canza ai ba ya alwala! Da wane sukarin ka yi wannan ta'asa?"

"Da na walima."

Malam ya kore zuma daga hancinsa, ya sa aka ɗebo masa zoɓon. Ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare wuri guda kamar bakin jaka.

"Zoɓo ba sukari, sukari a rijiya, ga baƙi sun zauna! Yanzu me zan ba su?"

Mutumin ya dubi duro, ya dubi rijiya.

"Ai abin ya zo da sauƙi, Allah gafarta Malam. A juye zoɓon a ciki, kowa ya zo da gugansa."