Ranar da Na Tarwatsa Kasuwar Filinge

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi ba, zamanin mulkin soja, lokacin ina koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko, a Filinge, inda ake kiran malami Mushe daga Faransanci.

Majo, babban ma'aikacin jinya na gidan likita, shi ne ya jawo. Ya auna jinina, ya dubi tumbina (wanda a lokacin yake riga ni shiga aji), ya ce, "Mushe, ciwon sukari bai kama ka ba, amma yana bakin ƙofa. Ka san shi ya kwantar da babanka. Rage shayi da farimasa, ka dinga motsa jiki."

Maganar baba ta tsorata ni, don na ga yadda aka yanke masa ƙafa. Motsa jiki majo ya ce, amma ni da zaƙewa na fassara shi da gudu. Na sayi gajeren wando a gwanjo. Matata Hajo ta kalle ni ta ce, "Malam, haka za ka hita?" Na ce mata ilimi ne, ba za ta gane ba.

Abu biyu na manta. Ranar kasuwa ce, kuma a ƙasarmu ta Kurfai babba ba ya gudu sai an koro shi. Ga shi lokacin kowa a tsorace yake, ko tayar mota ta fashe sai a ce juyin mulki.

Ina karyo kwana wajen masu nono, wata Bafillatana ta gan ni, ƙato ba riga ba hula, ina haki. Ta ajiye ƙwarya ta zura. Masu sayar da kofto, kwaɗon ganye, suka bi ta. Na waiga, sai na ga jama'a a bayana, har da awaki da wani tsoho da ya yar da sandarsa. Na ce lalle wani abu ya faru, na ƙara mai. (Wallahi ban san ina da irin wannan gudun ba.)

A bakin tasha wani jandarma ya tare ni, jama'a suka kewaye mu.

"Mushe, mi ya koro ka?"

Na ce, "Ni ma su na gani suna gudu."

Bafillatanar ta ce, "Ƙarya shikai, shi ya hwara."

Jandarma ya sake tambaya. Cikin haki na ce, "Ciwon sukari ne."

Tsohon nan ya waiga hanya, ya ce, "To ina shi?"

Dariyar da aka yi har ɗalibaina na ciki. Shekara guda sunana Mushe Sukari.

Ciwon dai bai kama ni ba har yau, alhamdulillahi. Tafiya nake yi kullum bayan La'asar, shayi kuma sama-sama. Abin da na koya shi ne, in za ka guje wa cuta a garinmu, ka guje mata a hankali, da riga a jikinka, kana gaishe da mutane.