Yadda Za Ka Fita Daga Baƙin Allo Girmanka Bai Faɗi Ba

Kai da aka ɗora wa sashen kwamfuta don ka taɓa zaro takardar da ta maƙale a firinta, matso kusa. Bi matakan nan, na ɗaukar maka alkawari za ka fita daga kowane baƙin allo da mutuncinka cif. Ba ƙagen kaina ba ne. Hanyar Pak Dadang ce (Pak kamar Malam ne a wurinsu), wanda ya shekara goma sha tara yana shugabantar sashen kwamfuta a wata makarantar koyon sana'a a birnin Bandung na Indonisiya, ba a taɓa kama shi ba.

1. Yi kamar da gangan ne

Ranar Alhamis sabuwar shugabar makaranta, Bu Euis (Bu kamar Malama ce), ta tara malamai arba'in don kowane shugaban sashe ya nuna abin da ya iya kafin ta rarraba muƙamai. Pak Dadang ya buɗe kwamfutar taro, majigi ya haska bango. Maimakon hotunan jawabinsa, sai ga baƙin allo da kan kibiya uku, suna jiran a rubuta umarni. Kang Ujang, malamin lissafi mai harin kujerarsa, shi ya bar Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, a buɗe, wai mantuwa.

Pak Dadang ya gyara zaman rigarsa, ya ce, "Madalla. Daidai inda nake so mu fara."

Riƙe wannan jimla. Ta fi takardar digiri amfani.

2. Ba da umarni, kada ka karanta amsa

Rubuta kalmar fita da Turanci, ka doki maɓalli yadda na baya zai ji. Kwamfutar za ta gane sarai abin da kake so, amma ba za ta yi ba. Za ta ce ka ƙara baka biyu a ƙarshen kalmar, ko ka danna maɓallan Ctrl da D tare.

Pak Dadang bai ga wannan ba. Tabaransa na aljihu, kuma wanda ke shafa wa gashinsa baƙi duk Juma'a ba ya sa tabarau a gaban jama'a. Mutum arba'in sun karanta amsar a bangon da ke bayansa. Babu wanda ya tanka, don ba a gyara wa babba a taro. Ka ga amfanin tarbiyya.

3. Sauko da murya

In umarni ya ƙi, koma lallashi. Ya rubuta mata "fita" da Indonisiyanci. Ta zazzago masa layi uku na ƙorafi. Ya sake da Sundanci, yaren garinsu, mai taushi, irin wanda ake yi wa suruka. Ta ƙara uku.

"Pak," in ji Kang Ujang daga sahun gaba, yana ɓare soyayyar ayaba, "ko a gwada mata Larabci? Wataƙila 'yar makarantar addini ce."

Aka yi dariya a tafin hannu. Yi tare da su. Wanda ya yi dariya tare da mutane, ba shi ake wa ba.

4. Danna biyu-biyu

Ya tuna akwai wasu maɓallai biyu da ake dannawa tare, bai dai tuna waɗanne ba. Ya danna Ctrl da C. Allon ya sauko layi ɗaya, ya tsaya. Ya danna sau tara.

"Me ake yi yanzu, Pak Dadang?" Bu Euis ta tambaya, biro a hannu.

"Gwajin juriya, Bu."

Ta rubuta wani abu. Gumi ya gangaro masa har cikin safa.

5. Guji mai taimako

Kang Ujang ya miƙe yana goge yatsu. "Bari na ɗan taɓa, Pak, kada shinkafar taro ta dahu muna nan."

Kul! Danna ɗaya zai yi, shekara goma sha tara su bi ruwa. Pak Dadang ya dafa kafaɗarsa. "Zauna, Kang. Kai ma za ka ƙaru."

6. Je ga tushe

Masu ilimi sun ce kowace matsala tana da igiya, kowace igiya tana da soket. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya fizge filogi. Majigi ya mutu. Fanka ta tsaya. Tukunyar lantarkin da ke dafa abincin taron ta yi shiru, shinkafa na tsakiyar dahuwa.

Kwamfutar tana nan garau, tana da batir.

Amma bango ya koma fari, kuma abin da jama'a ba su gani ba bai faru ba. Ya rufe murfinta a hankali kamar mai lulluɓe jariri. Allah Ya taimake shi, aka kira Azahar.

7. Karɓi ladanka

Bayan salla Bu Euis ta tare shi a baranda, tana tsakurar shinkafar da ba ta gama dahuwa ba da soyayyen tempe, wainar waken suya.

"Pak Dadang, ban taɓa ganin wanda ya jero duk kura-kuran ɗalibai a zama ɗaya kamar kai ba."

"Gogewa ce, Bu."

"Shi ya sa kujerarka tana nan. Kuma daga mako mai zuwa kai za ka koyar da malamai Python, duk Alhamis har ƙarshen zango. Ni ma na sa sunana. Kang Ujang ya roƙi sahun gaba." Ta ɗan yi murmushi. "A zo da tabarau."

Ya yi godiya har da rusunawa. Da ya isa wajen babur ɗinsa, sai da ya yi minti goma yana neman makullin da ke hannunsa.

A kula

Alkawarin da na yi na fita daga ɗakin taro ne. Ban ce komai game da allon ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa abincin rana, ko kujera, ko kwanciyar hankalin ranar Alhamis, shi ya jiyo. Kada a turo mini ƙorafi ta kwamfuta, ba zan gani ba. Da biro na rubuta wannan takarda, domin a ajin Pak Dadang nake, kuma yau mako na shida muna darasin farko: yadda ake fita daga baƙin allo.