Ɓarawon da ke cikin akwatin kwamfutata

Ba zan taɓa mantawa da zangon karatun da na zama ɗan sandan ciki a ofishin malamai ba, duk a kan wani akwatin katako.

Ina koyarwa a wata sakandare a Rano. Wata rana kwamfutata ta tafi-da-gidanka ta suɓuto daga bayan babur a hanyar Saji, jikinta ya tarwatse, amma kayan cikinta ko ƙwarzane. Sai na ce ni zan yi mata sabon gida da hannuna. Na farko na falanki ne, ya yi nauyi kamar buhun masara. Na biyu ya yi zafi, har kana iya ɗumama tuwo a kai. A na uku ne na gane kan abin: na samo siririn katako, na sa ƙyauren da ke buɗewa, na ciro hannun tsohuwar jakar matata na maƙala (da izininta, bayan dogon bayani), na shimfiɗa auduga a ciki don kada jijjigar babur ta yi ɓarna. A gefe kuma na faɗaɗa ramin shan iska, yadda yatsu biyu za su shige. Wannan ramin ne abin alfaharina.

Ana nan aka ce makarantarmu za ta tura malami ɗaya baje kolin ƙirƙira a Kano. Mu biyu ne ke nema: ni da Malam Sanusi, malamin kimiyya, mutumin Kibiya, wanda ya haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai.

Daga nan na fara lura da shi. In na ajiye akwatin a kan tebur, sai ya zagayo, ya sunkuya, ya kara kunnensa. Wata rana ma na kama shi yana shinshinawa.

"Malam, akwatin nan naka kuwa..." in ji shi.

"Lafiyarsa ƙalau," na katse shi, na ja babbar rigata na rufe.

Sai kwamfutar ta fara ɗaukewa. Na leƙa ta baya, na ga wata siririyar waya a gutsure. Na gyara, washegari wata ta tsinke. Na ce shi ke nan, hassada ta motsa. Na sayo kwaɗo na garƙame. Waya ta sake tsinkewa. Mai hankali da a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa sai na yanke cewa Malam Sanusi ya yanko makulli. Har masinjan makaranta na fara yi wa kallon ɗan leƙen asiri, don na ga sun sha shayi tare.

Ranar zaɓe, shugabar makaranta, wata Hajiya marar son wasa, ta tara malamai duka. Na ɗora akwatin, na yi jawabi a kan iska da zafi da auduga, na danna maɓalli. Shiru. Na sake dannawa. Shiru.

Raina ya ɓaci, na juya na nuna shi da yatsa.

"Hajiya, zagon ƙasa ake yi mini. Ga mai yanke mini wayoyi nan zaune."

Malam Sanusi bai ko motsa ba. Ya ce, "Ranki ya daɗe, a ce ya kwance ƙasan akwatin gaba ɗaya."

Na kwance, ina huci, ina jiran hujja ta bayyana. Ta kuwa bayyana. A tsakiyar audugar, ga wata uwar ɓera kwance da jajayen 'ya'yanta, sun samu ɗaki mai ɗumi da katifa. Uwar ta dube ni, ta bi ta hannun rigata ta dire ƙasa, ta shige bayan kabad.

"Tun tuni nake jin tsuwwa da wari," in ji Malam Sanusi a hankali. "Duk sanda na buɗe baki sai ka rufe akwatin da riga."

Hajiya ta leƙa cikin akwatin, ta gyara tabarau, ta ce, "To, ashe ku biyun duk injin ƙyanƙyasa kuka haɗa. Naka ma ya riga nasa aiki."

Dariyar da aka yi, har ɗalibai suka leƙo ta taga. Na ji da ma ƙasa ta tsage.

Shi ya tafi Kano. Ni kuma ranar Asabar na hau babur zuwa Kibiya ba shi haƙuri, ya karɓe ni da fura, bai tada maganar ba, wanda ya fi zagi ciwo. Da zan tafi ya miƙo mini guntuwar ragar ƙarfe, ragowar ta injinsa. Ita ce a bakin ramin yanzu.

Abin da na koya kuwa: kafin ka tsaya gaban jama'a ka nuna mutum da yatsa, fara kwance ƙasan akwatinka tukuna, kai kaɗai, ƙofa a rufe.