Mugun Dawa Bai Iya Faɗuwa Ba

A wani daji mai tafki ɗaya tak, Kwaɗo ya ɓace damina guda, ya dawo yana cewa daga Sin da Japan yake. Can, in ji shi, ya koyo faɗa da ƙarfin ciki: a ja numfashi, a tara shi ƙasan cibiya, a turo wa abokin gaba. Ba wanda ya tambaye shi ina tasa cibiyar.

Ya buɗe makaranta a bakin tafki. In ya kumbura ya ɗaga hannu daga nesa, sai ka ga ɗalibai suna zubewa kamar nunannun kanya. Kurege ya fi kowa iya faɗuwa, har da shure-shure yake haɗawa, shi ya sa aka ɗaura masa baƙar ɗamara. Amma tsakani da Allah, bai taɓa jin ko iska ta taɓa shi ba. Ranar farko ya ga Zomo ya faɗi, kunya ta kayar da shi. Tun daga nan yake zaton shi kaɗai ƙarfin ke tsallakewa, abin yana ci masa rai.

Da rani ya tsananta, labari ya zo cewa Mugun Dawa na tafe, zai mayar da tafkin wurin birgimarsa. Majalisa ta zauna. Bushiya ta ce, "Ranka ya daɗe, a kewaye tafkin nan da ƙaya tun da wuri. Rigakafi ya fi magani."

Kunkuru, shugaban majalisa, ya ce, "Haba Bushiya! Ƙaya ai aikin marasa ilimi ne. Ga Malam Kwaɗo a zaune? Kurege, kai ne babban ɗalibi, gaya wa majalisa abin da kake ji in Malam ya ɗaga hannu."

Kurege ya dubi tafkin da 'ya'yansa ke sha, ya shafa ɗamararsa.

"Ranka ya daɗe, kamar tsawa."

Zomo ya ce shi kam kamar tsawa biyu. Aka watse ana tafi.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mugun Dawa ya iso yana huci. Kwaɗo ya tare shi, ya kumbura har idanunsa suka yo waje, ya turo hannu. Ɗaliban da ke can bayansa suka zube rankatakaf. Kurege na kwance ya buɗe ido ɗaya, sai ya ga Zomo shi ma da ido ɗaya a buɗe yana kallonsa. Wayyo, sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Mugun Dawa ya tsallake Malam, ya ce, "Sannunku da hutawa," ya faɗa tafkin ya dama shi ya koma taɓo.

Majalisa ta sake zama da busasshen maƙoshi. Bayan dogon nazari, Kunkuru ya ce, "Ƙarfin Malam ba shi da laifi. Matsalar ita ce Mugun Dawa jahili ne, bai yi karatu ba."

Nan take aka kafa kwamitin koya wa Mugun Dawa faɗuwa, aka ba Kurege shugabanci, tunda ba wanda ya kai shi ƙwarewa.