Tsohuwar Cikin Madubi

"Lale lale da angona! Ni aka zo gaisarwa, ko bangon ɗakina?"

Da haka Inna ta tari ɗan yayana, ya shigo da hantsi da ƙatuwar jaka a kafaɗa, ga abin jin kiɗa a kunnuwa. Yaron DJ ne, irin masu saka kiɗa a wajen biki da taro. Wata dabara ya fito da ita: rana ɗaya a mako yake zuwa ɗakin kakar tasa, don bangon fari ne tas, ga haske daga taga. Sai ya kafa waya a kan sanda, ya ɗauki bidiyon mako gaba ɗaya, yana canza riga bayan kowanne. Ya jera su, ya sa wa kowanne ranar fita, su riƙa hawa shafinsa da kansu. Ni ban ga laifin dabarar ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne daga ranar ba mai sake ganin ƙeyarsa sai wani makon. Ranar kuwa a tsarge yake, don mai wani babban zauren biki ya ce zai duba shafin nasa kafin ya yanke ko zai ba shi aikin kowace Asabar.

"Ina kwana, amarya. Har yanzu kina nan? Na ɗauka an kwashe ki tare da tsofaffin kujeru."

"Ina nan daram, sai na ga furfurarka. Mene ne a jakar, tsarabata?"

"Riguna ne. Matsa da tabarmarki, aiki zan yi."

"Aiki! Mutum ya ɗaura murafen tukunya a kunnuwa yana gyaɗa kai kamar ƙadangare, wai aiki. Kakanka da ya gan ka da ya kai ka asibiti."

"Kakana da ya gan ni da ya ce in saka masa kiɗa, ya huta da surutunki."

Ya sa jar riga, ya tsaya jikin bango, ya washe baki. "Barkanmu da Litinin, masoyana! Ga ni a sitidiyo..."

"Yau Asabar," in ji Inna.

Ya tsayar da wayar. "Tsohuwa, don Allah! Na Litinin nake ɗauka."

"Au, har ka riga Litinin ɗin zuwa? To yaya ka baro ta, an yi ruwa?"

"Wannan shi ake kira tsari. In yi na mako yau, in samu lokacin haɗa kiɗa da neman aiki. Wayar ce za ta riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya."

"Wato wayar ce ke aikin, kai kana barci. To ita zan aura, ka sake ni."

"Wa zai ɗauke ki? Ko cajinki ba ya kaiwa azahar."

Inna ta yi dariya har da tari, sannan ta gyara zama. Na san wannan gyaran zaman, akwai abin da ta taka.

"Mai gida, wannan sitidiyon naka da kake faɗa, da tsohuwa a ciki ake sayar da shi?"

"Wace tsohuwa?"

"Gwaggonka ta karanta min abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashin hotunanka. Kai ba ka karantawa ne?"

"Ina ni ina wannan lokacin? Amsa ɗaya na tanada, ita nake manna wa kowa."

"Mun gani. Wani ya ce, wace ce tsohuwar nan mai koren zane? Ka ce, na gode masoyi, a ci gaba da bibiya. Wata ta ce, baiwar Allahn nan ba ta da wani zanen ne? Ka ce, na gode masoyi."

Ya dube ni, ni gwaggon tasa. Na miƙa masa wayata. A gefen kowane bidiyo na makon jiya, madubin da ke jikin durowar kayan Inna ya shigo, a cikin madubin kuwa ga ta nan zaune a tabarma. Shi ya canza ja, ya canza fari, ya canza mai zane-zane. Ita kuwa koren zanenta ne tun daga Litinin har Lahadi. A na Laraba ma gyangyaɗi take, baki a buɗe.

"Inna lillahi! Kin kashe ni, tsohuwa! Mai zaure zai gane rana ɗaya na ɗauke su, kuma a ɗakin kakata. Zai ce maƙaryaci ne ni!"

"To da mene ne kai, liman?"

"Me ya sa ba ki matsa ba?"

"A ɗakina? Kai da ka zo aron bango, har da korar mai bangon? Kuma ka gode min, na ji an ce mabiyanka sun ƙaru. Kana tsammanin wannan hancin naka suke zuwa kallo?"

"Bari in goge su kafin ya gani."

"Kada ka kuskura!" Yadda ta faɗa ba wasa a ciki, har shi ma ya ɗago. "Kullum da safe gwaggonka take nuna min. In gan ka a ɗakina Litinin, in gan ka Talata. Maƙwabta ma sun ce na yi dacen jika, kullum yana wajena. Ni kuwa ban ƙaryata su ba."

Maganar ta taɓa ni, shi ma na ga ta taɓa shi. Sai wayarsa ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga mai zaure. Ya danna.

"Salamu alaikum, Mai Kiɗa. Na duba shafinka. Kiɗa dai kowa na sakawa, ni abin da nake gudu shi ne mai saɓa alkawari. Amma yaron da kullum sai ya leƙa kakarsa, ba zai bar min baƙi a tsaye ba. Ka fara Asabar mai zuwa. Ka gaishe min da Hajiya, kuma don Allah ka saya mata wani zanen."

Ya daka tsalle har abin kunnensa ya faɗi. "Na samu! Amarya, na samu!"

"Mun samu dai. Gwaggonsa, ɗaukar min lambar mutumin nan."

"Me za ki yi da ita?"

"Gaisuwarsa zan amsa. In ya tambaye ni ko kullum kake zuwa, ka san ni ba na ƙarya da furfurata."

"Haba matata, haba ta gaban goshi! Zane nawa kike so?"

"Riƙe zanenka, da wannan koren duniya ta san ni. Gobe Lahadi. Ban ce a turo min jar riga a waya ba, mai rigar nake son gani a ƙofar nan."

Ya yi dariya, ya tura jakar gefe da ƙafa, ya zauna a bakin tabarmarta. "Na ji, kin ci. Zan zo."

"Jibi fa?"

"Har jibin."

"To miƙo min kofin can. Kuma ka matso nan, ka tare min madubi."