Ranar da Na Yi wa Kifin Surukina Miya

Ku matso kusa in faɗa muku wani abu, amma don Allah ya tsaya tsakaninmu. Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar sunan jikana na wajen Auta, ranar da na kusa hallaka kifin surukina da hannuna, kuma wallahi da kyakkyawar niyya.

Ni mutuniyar gida ce. In ba biki ko asibiti ba, sai in yi wata ban taka bakin titin unguwarmu a cikin garin Suleja ba. To da Auta ta haihu, mijinta ya nemi alfarma a bar ta ta yi wankan jego a ɗakinta a Maje, ni in zo in zauna da ita. Na ɗaure kayana na tafi. Yaron a Abuja yake aiki, ɗan mutunci, in zai gaishe ni har ƙasa yake durƙusawa. Ni kuma kun san yadda aka rene mu, ba a haɗa ido da suruki, ba a kama sunansa. In ya shigo falo na shige ɗaki. Gaisuwarsa ma ta bayan labule nake amsawa.

Abu ɗaya ne na kasa gane masa, kiwon kifi. Ba tarwaɗa ba, balle a ce wata rana a yi farfesu. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne guda bakwai, wani ruwan lemo da ratsin fari, wani shuɗi kamar an rina shi, wai daga teku aka kawo su, ba sa rayuwa sai a ruwan gishiri. Suna cikin wani dogon akwatin gilashi a falo, an ɗora shi a kan kabad. (Na tambayi Auta ko ana ci. Ta ce, "Mama rufa mini asiri, kowanne fa da sunansa.")

A cikin kabad ɗin akwai wani ƙaramin akwatin gilashin. Ruwa yana sauka daga sama ta bututu, ya bi ta cikin wani abu kamar soso ya tace, sai wani ɗan inji ya sake tura shi sama wajen kifin. A satin da na zo, wannan injin ne ya hana shi sakat. Kullum in ya dawo da yamma shi da abokinsa Bala suna durƙushe gaban kabad kamar masu gyaran murhu. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma kunne Allah ya ba ni, duk abin da suke cewa ina ɗauka. Na farkon da ya sayo ya yi ƙarfi, yana tura ruwa fiye da yadda bututun zai iya saukar da shi, kifin sai juyi suke kamar wake a tukunya. Na biyu kuma rago, kafin ruwan ya hau sama ya gaji. Sai a na uku suka dace. Ranar na ji surukina yana cewa, "Bala, abin tsoron shi ne ruwan ƙasan nan ya ja baya. In injin ya fara shan iska ƙonewa zai yi, su kuma kifin su shaƙe. Sannan abu na biyu..." Daidai nan jariri ya tsala kuka, na tashi. Abu na biyun ban ji shi ba.

Ranar suna da safe maza na waje a ƙarƙashin rumfa, an gama addu'a ana rabon goro da dabino. Na fito in gyara falo kafin a shigo da su karin kumallo. Sai kunnen nan nawa ya jiyo ɗan ƙur-ƙur daga cikin kabad. Na buɗe. Ruwan akwatin ƙasa da ƙyar ya wuce rabi, ya tsaya daidai wani jan layi da aka ja a jikin gilashin. Na ce shi ke nan, hidimar suna ta ɗauke wa yaron nan hankali, injin zai ƙone.

Auta na banɗaki tana wanka. Shi yana tsakiyar maza, kuma ina ni ina aika a kira mini suruki? Ga shi mu matan Suleja da muka san wahalar ruwa, ba ma iya ganin mazubi a rabi mu wuce. Ranar da famfo ya kawo, har butar shayi sai mun cika. Na ɗauki bokiti na ɗebo daga durom, na juye. Na ƙara na biyu. Ya cika taf, har baki.

Sai kuma tunanin girki ya zo mini. Duk macen da ta ƙara wa miya ruwa ta san me ke biyo baya. Na tsoma ɗan yatsa na lasa (ni fa na ce muku zan faɗi gaskiya), na ji kamar ya yi salam. Na shiga kicin na ciko kwanon sha da gishirin girki, na zazzage shi a kusurwar da sosan yake. Ina rufe kabad na ji sallamar maza. Na ruga ɗaki na saki labule, kafin in zauna fanka ta tsaya, an ɗauke wuta.

Ba a yi minti biyu ba na ji yayan mahaifin surukina, wani dattijo mai barkwanci da suke ce wa Baffa, yana cewa, "Kai, gidan naka rufin ne ke yoyo ko ƙasan?"

Na leƙa. Ruwa ne ke bulbulowa ta ƙarƙashin kabad, ya ratsa kafet, ya nufi faranten waina. Manyan mutane suna tattare babbar riga suna ɗaga ƙafa. Surukina ya durƙusa ya buɗe kabad ɗin.

"Ikon Allah. Wa ya cika wannan?" Ya juya wajen Bala. "Ka ga abin da nake gaya maka. Filin da ke saman jan layin nan da gangan na bar shi. In wuta ta ɗauke inji ya tsaya, ruwan sama saukowa yake yi, nan ne masaukinsa."

Ashe abu na biyun ke nan. Na ji kamar in nutse a katifa. Amma na ce a raina ai ba wanda ya gan ni, gidan suna ne, hannu da yawa.

Bala ya ce, "Ba komai, a rage shi kawai. Bari in tayar da janareta kafin su galabaita." Har ya kai ƙofa ya waiwayo yana dariya. "Ka gode wa Allah ruwa ne zalla. Wani a wajen aikinmu gishirin girki aka zuba wa nasa, kafin la'asar duk sun juya ciki sama."

Cikin kabad duhu, gishirina na kwance a bayan soso ba wanda ya lura. Da injin ya tashi zai kwashe shi ya kai wa kifin. In na yi shiru asirina a rufe, kifi bakwai su tafi, yaron kuma ya yi ta zargin injin da ya sha wahalar zaɓa. Na ji Bala ya ja igiyar janareta sau ɗaya. Ya ja na biyu.

Ban san sanda na yaye labule ba. Na tsaya a tsakiyar maza, ƙafata cikin ruwa, ba mayafi, na dubi surukina ido cikin ido karo na farko tun da aka ɗaura aurensu.

"Malam, a dakata da janaretan nan. Ni ce. Kuma ba ruwa kaɗai ba ne."

Hannuna ya kalla. Sai a lokacin na ga ashe kwanon gishirin na riƙe da shi har yanzu. Ya yi tsalle ya fizge wayar injin daga bango, yana fizgewa janareta ya kama, fanka ta juya.

Sai Baffa ya gyara hula ya ce, "Hajiya, daddawar fa, an sa ko tukuna?"

Dariyar da aka yi har matan da ke tuya a bayan gida sai da suka leƙo. Shi kaɗai surukina ya danne tasa, kansa a ƙasa, kafaɗunsa na rawa.

Ranar a gaban baƙi ya tuɓe rigar suna, shi da Bala suka kwashe ruwan akwatin ƙasa tas, suka wanke, ya haɗa sabo da nasa gishirin na musamman da ke cikin wani buhu. Ni na yi ta matse kafet ba mai iya karɓe mini tsumman. Kwana uku ina fitowa da sassafe in tsaya gaban gilashi ina ƙirga. Bakwai. Washegari bakwai. A rana ta uku mai ruwan lemon nan ya zo ya tsaya saitin fuskata yana motsa baki, sai a lokacin hankalina ya kwanta.

Da yammar ranar surukina ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki ya ce, "Mama, da kin yi shiru da yanzu babu ko ɗaya. Na gode." Na ce Allah ya yi masa albarka, murya can ƙasa. Auta na gefe tana shayarwa tana ƙunshe dariya. Ta ce, "Mama, jibi in za mu asibiti ke za ki zauna da su." Na ce ko kallonsu sai da izini.

Abin da na koya, kunyar tambaya ta minti ɗaya ce, wadda na sha a gaban maza kuwa har yau in Baffa ya gan ni a biki sai ya tambaye ni miya. Amma kifi na nan da ransu, kuma wannan ya ishe ni.

Ku faɗa mini tsakani da Allah, da ku ne a bayan labulen nan, Bala na jan igiya, za ku fito ko za ku bar shi ya ja na uku?